Robar mahaifa ko ashanar hannu: amsa ga ƙanwarmu mai goyo

Assalamu alaikum matan gida. Wata ƙanwarmu da ta nemi a sakaya sunanta ta turo tambaya. Tana goyon wata huɗu, haihuwarta ta uku, kuma ita da maigida sun daidaita a kan ta huta. Ta je asibiti an ce ta zaɓa tsakanin hanyoyin tazarar haihuwa biyu, robar mahaifa da ashanar hannu, ta dawo gida hannu rabbana, domin wata ta ce mata wai saka robar mahaifa ya fi naƙuda zafi. Tana so ta ji yadda ake saka kowace, da kuma wadda ta fi. Ni ungozoma ce a nan Sakkwato, duka biyun ina sakawa ina cirewa, to bari in jera miki su, ƙanwata.

Idan ranar sakawa kaɗai za a duba, ashana ta fi sauƙi, wannan babu ja. Za ki kwanta ki miƙa hannun da ba ki cika aiki da shi ba, a goge cikin damtse, a yi allurar kashe zafi. Ɗan raɗaɗin allurar nan shi ne iyakar abin da za ki ji. Sai a tura sandar a ƙarƙashin fata, a sa ki taɓa ki ji ta da yatsanki, a ɗaure da bandeji. Ashanar iri-iri ce: Implanon sanda ɗaya ce mai tsawon santimita 4, Jadelle kuma biyu ce. Wurin zai yi tsami, ya ɗan yi baƙi na 'yan kwanaki, kuma ana so ya kwana 4 ruwa bai jiƙa shi ba. Da zafin garin nan, sai kin kula da zufa da wanka.

Robar mahaifa kuwa sai kin kwanta irin kwanciyar awo, kin buɗe ƙafa, kuma mata da yawa kunyar ce ke fara damunsu tun kafin a zo maganar zafi. Kina da haƙƙin ki ce mace kike so ta duba ki, a ja labule, a rufa miki zane. Da farko za a yi gwajin ciki, a tambaye ki ko kina ganin ruwa mai wari ko ciwon mara, domin idan akwai sanyi sai an yi maganinsa tukuna. Sannan ungozoma ta sa yatsu ta ji kwanciyar mahaifar. Sai a sa ƙarfen nan mai kama da bakin agwagwa a buɗe gaba, a goge bakin mahaifa da magani. Har zuwa nan sanyin ƙarfe da tokari za ki ji, babu zafi.

Zafin yana zuwa ne a wuri uku, kuma na fi so ki san su tun daga gida. Na farko lokacin da ake kama bakin mahaifa da wani siririn ƙarfe don kada ya motsa. Za ki ji tsunguli mai kaifi. Na biyu lokacin da ake zura ma'auni a gane zurfin mahaifar, nan mara ke murɗawa kamar ranar farkon al'ada mai tsanani. Na uku shigar robar kanta, murɗa ta sake zuwa, ta ƙara ƙarfi na ɗan lokaci, ta lafa. Daga nan a datse zaren da ke jikin robar a bar kamar santimita 3, a zare ƙarfe, an gama. Aikin duka yakan ɗauki minti 5 zuwa 10, wurin zafin kuma bai kai rabin haka ba. Robar 'yar ƙarama ce mai siffar harafin T, tsawonta bai kai santimita 4 ba.

Ya fi naƙuda? A'a. Mace irinki da ta haihu da kanta sau uku, bakin mahaifarta ya riga ya saba buɗewa, kuma yawancin irinku sukan ɗago kai su ce, "Au, har an gama?" Amma ba zan ce miki babu zafi ba, kuma raina yana ɓaci idan na ji ma'aikaciya tana ce wa mace raki take yi. Akwai wadda za ta haɗa gumi, ta ji jiri da tashin zuciya, musamman wadda ba ta taɓa haihuwa ba ko wadda duk haihuwarta aiki aka yi mata. Ko a Amurka sai a shekarar 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta fito ta ce a riƙa yi wa mata bayanin zafin tun kafin a fara, a kuma gabatar musu da maganin kashe zafi na bakin mahaifa. Don haka ki tambaya ko akwai shi. Ki ci abinci kafin ki fito, ki zo da audugar mata don za ki ga ɗan jini, idan kuma ba ki da gyambon ciki ki sha ibuprofen kamar rabin awa kafin a fara, yana rage murɗawar da ke biyo baya. In kin ji abin ya fi ƙarfinki ki ce a dakata, dole a dakata. Bayan an gama ki ɗan kwanta kafin ki miƙe, kuma ranar ki haƙura da kabu-kabu, ki hau keke ko mota.

To amma ƙanwata, abin da nake so ki riƙe shi ne kada minti goma su yanke miki hukuncin shekaru. Wajen hana ciki duka biyun kan-kan-kan suke, a cikin mata 100 ba a samun ko ɗaya cikakkiya da ke ɗaukar ciki a shekara. Duka biyun ba sa rage ruwan nono. Inda suka raba hanya shi ne jinin wata, kuma shi ne abin da ke dawo mana da mata asibiti suna cewa a cire.

Robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ta fi yawa a asibitocinmu, babu homon a jikinta, wato sinadari irin wanda jikin mace ke samarwa yana sarrafa fitar ƙwai da jinin wata. Jan ƙarfen ne ke kashe ƙarfin maniyyi kafin ya kai ga ƙwai, saboda haka ba zubar da ciki take yi ba. Al'adarki za ta ci gaba da zuwa a lokacinta, sai dai ta ƙara yawa, ta ƙara kwana, mara ta ƙara ciwo, musamman wata 3 zuwa 6 na farko. Idan dama ke mai zubar jini ce sosai, ko kuma a goyon cikin nan an yi ta fama da ke kan ƙarancin jini, ni ba ita zan fara nuna miki ba sai an auna jininki.

Ashana kuwa homon take saki a hankali, ya hana ƙwai fita, ya kuma kaurara majinar bakin mahaifa. Jinin yakan ragu, amma lissafinsa ya rikice. Kusan mace 1 cikin 5 al'adar takan ɗauke mata gaba ɗaya, kuma hakan ba cuta ba ne, jinin ba taruwa yake yi a ciki ba. Wata kuma ɗis-ɗis za ta yi ta gani, yau ya zo, jibi ya ɗauke, gata ya dawo. Nan ne matsalar tamu ta musamman take, domin mace za ta zo tana hawaye ta ce ta rasa gane ranar sallarta, azumi ya gabato, maigida kuma ya fara ƙorafi. A mazhabarmu ta Malikiyya mai al'ada tana ƙara kwana 3 a kan kwanakin da ta saba, muddin bai haura 15 ba, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, ba ya hana salla ko azumi. Duk da haka ki zauna da malamarku ta islamiyya ki fahimci hukuncin tun kafin a saka, kada ki bari sai kin shiga ruɗani. Kuma akwai ƙwayoyin da muke bayarwa su tsagaita ɗigon, ba lallai sai an cire ba.

Akwai ta uku da ba kowa ya san da ita ba, robar mahaifa mai homon, irin su Mirena. Sakawarta daidai take da mai jan ƙarfe, amma tana rage jini ƙwarai bayan watannin farko. Ga mai yawan zubar jini ita ce zaɓina, in dai akwai ta a inda kika je.

Ta fuskar daɗewa, mai jan ƙarfe tana kai shekara 10 har 12, mai homon aƙalla 5, Jadelle 5, Implanon 3. Ba dole ki cika shekarun ba, ranar da kuka shirya wata haihuwar a cire, kuma ciki na iya shiga tun a watan. Wajen cirewa abin juyawa yake yi: robar mahaifa zare kawai ake ja ta fito, ashana kuwa sai an sake allura an ɗan tsaga fata an lalubo ta.

Maganar maigida, robar tana can cikin mahaifa, ba zai ji ta ba. Zaren ne wani lokaci yake ji a farko kafin ya yi laushi, kuma idan ya dame shi ki dawo a duba tsawonsa. Batun wai tana hawa zuciya ko kai, babu wannan hanyar a jikin mace. Abin da ke faruwa da gaske shi ne kusan mace 1 cikin 20 robar na iya zamowa ta fito, galibi a watannin farko, sannan a cikin 1,000 akan samu 1 ko 2 da robar ke huda bangon mahaifa a wajen sakawa. Wannan haɗarin yana ƙaruwa ga mai shayarwa irinki, shi ya sa nake roƙonki ki je wurin wadda hannunta ya faɗa, kamar sashen tazarar haihuwa na Asibitin Maryam Abacha, ko Asibitin Ƙwararru, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin unguwarku idan akwai wadda aka horar. Ba aikin kemis ba ne. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta da na jihohi, sai dai ki riƙo ɗan kuɗin kati da gwaji.

Ita ma ashana tana da nata sharaɗin: maganin tarin fuka rifampicin da wasu magungunan farfaɗiya suna rage mata ƙarfi, to in kina shan wani magani na kullum ki zo da kwalinsa. Kuma idan ba a farkon al'ada aka saka ta ba, sai kin kiyaye kwana 7 kafin ta kama aiki, alhali mai jan ƙarfe nan take take farawa. Duka biyun ba sa kare mutum daga cututtukan da ake ɗauka ta wajen saduwa.

In ni ce ke, kuma jinina na wata matsakaici ne, ina son salla da tsarkina su tsaya a kan lissafi, robar mahaifa mai jan ƙarfe zan ɗauka in daure wa murɗawar ranar. In kuma jinina mai yawa ne, sai in nemi robar mai homon ko ashana; in kuwa gaba ɗaya ba zan iya jure a duba ni ta ƙasa ba, sai ashana. Idan roba kika saka, ki koma a duba ki bayan sati 3 zuwa 6. Kada ki jira wannan ranar idan kika ga zazzaɓi da ciwon mara mai tsanani, ko ruwa mai wari, ko kika ji taurin robar a bakin gaba, ko wata ya wuce ba ki ga al'adar da kika saba gani ba. Allah ya raya mana yaro, ya ba ki lafiyar shayarwa.