Garin katako mai tsotse malalar mai: wane niƙa ya fi aiki?

Masu sayar da kayan share malalar mai sukan kawo garin katako ko ɓuntun shinkafa a niƙa iri uku: mai laushi, ƙasa da milimita 0.25, matsakaici, tsakanin 0.5 da 1. Sai tsaki, daga milimita 2 zuwa sama. Yawanci mai laushin ake yi wa talla, wai ya fi shan mai. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta kawai aka faɗa.

Gaskiya ne, iya laushin gari iya yawan fuskar da mai zai manne wa. A zuba mai laushin kan man dizal da ya malale a siminti, nan da nan zai yi duhu ya shanye shi, a share da tsintsiya. A nan ba shi da na biyu. Matsalarsa tana farawa ne da zarar an fita fili. Iska kaɗan ta kwashe shi ta watsa wa mai aikin a ido. A kan ruwa abin ya fi muni: ƙwayoyin katako suna son ruwa, kuma niƙa ya fasa ƙananan ramukan da ke riƙe iska a cikinsu, don haka garin yakan jiƙe, ya dunƙule kamar kwaɓi, ya nutse da man da ya ɗauka. Man da ke sama ana iya kwashe shi, wanda ya sauka ƙasa kuwa ya fi ƙarfin raga. Idan man mai kauri ne, kamar ɗanyen mai da ya kwana a rana, sai ya lulluɓe bayan dunƙulen. A fasa shi a ga cikin busasshe ƙayau, an yi asarar rabin buhu ke nan.

Tsakin ya fi daɗewa a saman ruwa, ya fi sauƙin kwashewa, kuma sararin da ke tsakanin ƙwayoyinsa yana ba mai mai kauri hanyar shiga. Sai dai da mai mai tsinkewa ba ya riƙo: a ɗaga shi, man ya tsiyaye ya koma inda ya fito.

Matsakaicin ne ya cancanci kuɗinsa ga wanda zai ajiye iri ɗaya tak. Ba ya gaba a kowane fanni, ba ya kuma ba da kunya. Amma a kula, rubutun jikin buhu ba hujja ba ce. A tankaɗe ɗan samfuri da rariya mai lamba 18, wadda raminta milimita 1 ne, sannan da mai lamba 35, wato rabin milimita. Idan ƙura mai yawa ta zube ƙasa, an cakuɗa kayan, kuma ƙurar ce za ta fara nutsewa.

Gwajin shan man ba shi da wuya, kusan yadda ASTM F726, wato ƙa'idar gwajin kayan shan mai, ta tsara. A busar da garin tukuna, domin gari mai danshi ya riga ya cika cikinsa da ruwa. A auna giram 10 a sikeli, a sa a ƙaramar raga, a tsoma cikin man minti 15, a ɗaga a bar shi ya tsiyaye daƙiƙa 30, a sake aunawa. A cire nauyin farko, a raba saura da 10. Kayan tsiro irin waɗannan sukan sha ninki 3 zuwa 15 na nauyinsu, garin katako kuma yana ɓangaren ƙasa. Audugar rimi ta fi haka nesa ba kusa ba, saboda zarenta rami ne a ciki kuma yana da kakin da ke korar ruwa. Ita ba a ma niƙa ta, niƙan ɓata ta yake yi. A maimaita gwajin da mai a kan ruwa, a bar shi ya kwana, a ga abin da ya rage a sama.

Abu ɗaya da buhunan ba sa faɗa da babbar murya: garin da ya sha mai, idan aka jibge shi tuli guda, yana iya ɗaukar zafi har ya kama wuta. A zuba shi a durom na ƙarfe mai murfi, nesa da injin da ke aiki, kafin masu kwashe shara mai haɗari su zo.