HUDOC: rumbun hukunce-hukuncen kotun Strasbourg ga mai binciken ƴancin alƙalai

Duk mai rubuta kundin digiri ko muƙala a kan ƴancin ɓangaren shari'a, ko yadda ake naɗa alƙalai da tsige su, ina ba shi shawara ya shiga HUDOC tun da wuri. Rumbun intanet ne na Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg a Faransa, kyauta ne, ba rajista ba biyan ko sisi, ka buɗe ka karanta cikakken hukunci ka sauke shi a PDF ko Word.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda zaka tace bincikenka. Ka zaɓi ƙasa, ka zaɓi shekara, ka zaɓi sashe na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta 1950 da kotun ke aiki da ita, mu masu wannan fanni sashe na 6 ne gidanmu tunda shi ya ce dole kotu ta zama mai cin gashin kanta, marar son kai, kuma doka ce ta kafa ta. Sannan sun jera shari'o'in bisa muhimmanci, in baka da lokaci sai ka tsaya kan na babban zauren kotun mai alƙalai 17.

Wallahi akwai kaya a ciki. Ɗauki shari'ar Baka da Hangari ta 2016, Baka shugaban kotun ƙolin ƙasar Hangari ne, ya fito ya soki gyaran da gwamnati ke wa kotuna, sai aka sauya tsarin mulki ta yadda wa'adinsa ya ƙare saura shekara uku da rabi, kuma babu kotun da zai je ya kai kuka. Strasbourg ta ce an tauye masa damar zuwa kotu an kuma tauye masa ƴancin magana. Ko ta Ástráðsson da Aislan ta 2020, wadda ta taso daga laifin tuƙi kawai da aka tuhumi Ástráðsson da shi, amma da yake ministar shari'a ta sauya sunaye huɗu cikin 15 da kwamitin tantancewa ya miƙa don naɗa alƙalan kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar Aislan, kuma ɗaya daga cikin waɗanda ta saka tana cikin alƙalan da suka saurari ɗaukaka ƙararsa, sai kotun ta ce wannan zama bai cika kotun da doka ta kafa ba. Ni wannan hukuncin yana taɓa ni sosai, domin ya nuna ƴancin alƙali haƙƙi ne na talakan da ke tsaye a gabansa. Kuma kar ka tsallake ra'ayin alƙalan da suka saɓa wa masu rinjaye a ƙarshen hukunci, sau da yawa nan muhawarar gaske take.

Inda ya gaza kuwa, harshe. Turanci da Faransanci ne harsunan kotun, kuma hukunce-hukunce da dama da ɗaya kawai ake fitar da su, to wanda ba ya jin Faransanci zai ci karo da wasu da ba zai iya karantawa ba. Akwai fassarori zuwa wasu harsuna amma kotun ba ta ɗauki alhakinsu ba. Sannan Turai ce zalla, ƙasashe 46 yanzu bayan fitar da Rasha a 2022, duk da tsofaffin shari'o'inta suna nan. Mai son kwatantawa da kotun Afirka ta Arusha ko ta ƙasashen nahiyar Amurka da ke Kosta Rika sai ya nema a wani wurin. Sabon shiga kuma zai ɗan ruɗe in ya rubuta kalma ɗaya sakamako ya yi masa ambaliya, gara ya fara da jagorar sashe na 6 da ma'aikatan kotun suka rubuta, ya kwashi lambobin ƙara daga can.

Akwai wani ɓangaren, HUDOC-EXEC, don Allah a riƙa duba shi, shi ke nuna ko ƙasa ta aiwatar da hukunci ko tana jan ƙafa. Volkov, alƙalin kotun ƙolin Yukren da majalisa ta tsige a 2010 har wasu ƴan majalisa suna kaɗa ƙuri'a da katin abokansu da ba sa zauren, ya ci shari'arsa a Strasbourg a 2013, kotun ta ce a mayar da shi kujerarsa ba ɓata lokaci, amma sai 2015 ya koma.