Ajin Turancin dare na 'yan kasuwa a Fagge: ya cancanci kuɗinsa?

Duk mai odar kaya daga Caina ko Dubai ya san rabin cinikin yanzu a WhatsApp ake ƙulla shi, kuma da Turanci. Ni atamfa da leshi nake sayarwa a Kantin Kwari, bokona a sakandare ya tsaya. Da na ji ana yi wa 'yan kasuwa darasin Turanci a Fagge bayan sallar Isha'i, sai na yi rajista. Zangon farko kacokan a kan yadda ake faɗin abin da ya riga ya faru ne, kuma tun da muka gama maƙwabtan shagona suke tambayata ko su ma su shiga.

Amsata ita ce su shiga, kuma saboda malamin ne. Ranar farko bai buɗe littafi ba. Ya rubuta a allo: na tafi, zan tafi, nakan tafi. Ya ce mu lura, “tafi” ɗin nan bai motsa ba, abin da ke gabansa ne yake nuna lokaci. Bature kuwa jikin kalmar yake taɓawa. Yawanci -ed ake liƙa mata a ƙarshe, order ta zama ordered, load ta zama loaded. Amma akwai wasu wajen 200 da ba sa bin wannan doka, kuma su ne aka fi amfani da su kullum: go, come, see, take, get, say. Ya sa muka lissafo kalmomin ciniki da bakinmu, buy, sell, pay, send, bring, cost, sai ga shi ko ɗaya babu mai karɓar -ed a cikinsu. Nan hankalin kowa ya dawo allo.

A makaranta jeri aka ba mu daga A har ƙasa, mu haddace arise da awake, kalmomin da ban taɓa buƙata ba a kasuwa. Malam gida-gida ya kasa su. Akwai gidan da d take komawa t: send da sent, spend da spent, lend da lent, build da built. Akwai gidan buy da bought, bring da brought, think da thought, sai 'yan'uwansu biyu da ake rubutawa da a, wato taught da caught. Sell da tell tare suke tafiya, sold da told. Cost, cut, put da shut ba sa canzawa ko kaɗan, don haka babu wani abu costed idan farashi ake nufi. Pay kuma paid ce. Ita went da ta fita daban, ya ce asalinta ma ba daga go ba ce, daga wata tsohuwar kalma ce wend, shi ya sa babu kama. Idan ka riƙe ɗaya a gida, sauran sai su biyo ka.

Abin da ya fi amfanata shi ne aikin waya. Kowa zai ɗauko saƙon da ya taɓa tura wa mutuminsa na waje, ya ɓoye suna da adadin kuɗi, a kwafa a allo a gyara tare. Wani Alhaji mai shadda ya kawo nasa: “I send the money.” Malam ya tambaye mu, wanda ya karanta wannan a can, zai san an tura ne ko za a tura? Harafi ɗaya ne tsakanin send da sent, amma a kan harafin nan kaya za su iya kwana a sito ana jiran kuɗin da sun riga sun shiga. Wannan ba maganar burge mutane da Turanci ba ce, maganar dukiya ce. A nan ne ya koya mana dokar did: idan ta shigo, ita ta ɗauki lokacin, aikatau sai ya koma yadda yake. “I didn't send”, “Did you pay?” Ya ce did tana aikin da “na” take yi a “na tafi”, ba a ɗora lokaci sau biyu. Ban ƙara mantawa ba.

Akwai inda ajin ya gaza, kuma ya kamata masu shi su ji. Siffa ta uku, wato wadda ake sawa bayan have, irin su gone, taken, written, a gurguje aka bi ta kanta dab da ƙarshe, har muka tashi wasu ba su bambance “I paid” da “I have paid” ba. Furuci ma bai samu rabonsa ba, alhali da yawanmu saƙon murya muke turawa. Read ta jiya da ta yau rubutunsu ɗaya, amma ta jiya “red” ake faɗi, kuma sau ɗaya tak aka ambata. Takardar da ake rabawa ta sha hoto har wasu haruffa sun dishe, ga ɗakin ya yi mana kaɗan, in aka ɗauke wuta ƙarar janareta ba ta barin na baya su ji. Sannan babu ajin mata, ga su nan birjik suna odar kaya ta waya daga gida. Ƙanwata ta so shiga, babu hali.

Wani ya tambayi gotten da yake gani a saƙonni. Malam ya ce ta Amurka ce, mutanen Ingila got suke cewa, haka learned da learnt duk daidai ne. Na ji daɗi da bai ce kowa ya yi kuskure ba.

Kuɗin zango bai kai ribar turmi kaɗan na atamfa ba, kuma ana karɓa kashi biyu. Wanda bai iya karatun boko ba sam, wannan ajin zai yi masa nauyi, ya fara neman na yaƙi da jahilci. Wanda kuma yake iya haɗa saƙo ko da da gyara, ya zo da littafin rubutu mai kauri da waya mai caji, ya kuma zo da wuri ya samu benci na gaba. Na yi rajistar zango na biyu, kuma mun haɗu mun roƙi Malam ya fara da siffa ta uku kafin komai.