Wata uku muna amfani da Photomath ni da ƙanwata

Ƙanwata ce ke shirin JAMB, lissafi kuma shi ne ke ba ta wahala, ni ko na bar makaranta da daɗewa, aljabra duk ta gudu daga kaina. Wani abokin aikina ne ya ce in sauke Photomath a waya, manhaja ce da ƴan ƙasar Kuroshiya suka fitar a 2014, yanzu kuma tana hannun Google.

Yadda take aiki shi ne ka saita kyamara kan tambayar, ko bugawa ce ko rubutun hannu, ta karanta ta warware. Ranar farko muka ɗora ta a kan x² − 5x + 6 = 0 da ƙanwata ta rubuta da biro a bayan littafinta, nan take ta ba mu 2 da 3, amma abin da ya burge ni wallahi ba amsar ba ce, matakan ne, ta nuna yadda aka raba shi ya zama (x − 2)(x − 3), layi bayan layi, sai yarinyar ta ce "Yaya ashe haka ne kawai?" A kalkulas ma haka, wato lissafin yadda abu ke sauyawa, x³ ta koma 3x², ta ga yadda 3 ɗin ke sauko ƙasa a rage ɗaya a sama. Matakan nan kyauta ne, ƙarin bayani mai zurfi ne sai an biya.

Inda muka tsaya sosai shi ne tambayar abareji. Mota ta yi tafiyar kilomita 120 da gudun 60, ta dawo da gudun 40, ana neman abarejin gudunta na zuwa da dawowa. Ƙanwata ta rubuta (60 + 40) ÷ 2, manhajar ta ce 50, kuma daidai ta faɗa tunda abin da aka ba ta kenan. Amma amsar 48 ce, don zuwa awa 2, dawowa awa 3, kilomita 240 a raba da awa 5. Wannan sai da muka zauna da takarda muka zana hanyar kafin ta gane.

Tun ranar na sa mata doka, ta fara yi da kanta, sai ta gama ko ta maƙale sannan ta ɗauki wayar, tunda ranar jarrabawa ba a shiga da waya. Yanzu kullum bayan isha'i tambaya goma take yi, jiya biyu kawai ta duba.