Matashin gashi na Beurer HK Comfort ga mai sankara da tsoka ke ɗaure wa

Masu jinyar mai sankara a gida, a Makka ko Jidda, sun san wannan ciwo: tsokar baya ko ta cinya ta ƙulle kamar an murɗa igiya, majinyaci ya dafe ƙugu ya kasa juyi, ga sanyin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) yana ƙara tsananta shi. Mofin, maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi, bai cika kwance irin wannan ɗaurewa ba, shi ya sa gashi ke da muhimmanci.

Wannan matashi na lantarki yana da matakin zafi 3, kuma yakan kashe kansa bayan kimanin minti 90. Ana cire wayarsa a wanke shi, abin da duk mai jinyar wanda ke kwance zai yaba. Ya fi robar ruwan zafi, wadda kan tsiyaya ta kuma huce da wuri.

Sai dai minti 90 ya yi yawa ga fatar wanda ya rame. A shimfiɗa tawul mara kauri, a fara da mataki na 1, a ɗora shi minti 15 zuwa 20, a ɗaga a duba. In fata ta yi ja, a dakata. Kada a kwanta a kansa, kada a yi barci da shi, musamman bayan shan maganin da ke sa gyangyaɗi, domin ƙuna kan shiga majinyaci bai ji ba.

Don Allah a kiyaye: kada matashin ya kusanci filastar fentanil, ta maganin rage zafin ciwo da ake liƙawa a fata, wadda ake sauyawa duk awa 72. Zafi na sa maganin ya kwarara cikin jini fiye da ƙima, numfashi ya ja baya. Haka ma kada a ɗora matashin a wurin da aka yi wa gashin radiyeshan, ko kan ƙari, ko fatar da ta daina ji.

Matashi ba ya maye gurbin magani. Likita kan rubuta baclofen, maganin sassauta tsoka, a fara da miligiram 5 sau uku a rana, kuma ba a yanke shi farat ɗaya. In amai ko gudawa sun yi yawa, a nemi gwajin jini, don ƙarancin magnesiyam ko fotasiyam na jawo ɗaurewar.

Ciwon baya da ya zo da raunin ƙafafu ko riƙewar fitsari kuwa ba na gashi ba ne, wataƙila ƙari ne ya danne laka. A kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya, nan take.