Shagon littattafan "asiri" na Sabon Gari, na je na gani da idona

Toh jama'a tunda kun ishe ni da tambaya kan shagon nan na Sabon Garin Zariya da ake cewa yana sayar da littattafan asiri, ranar Asabar na taso daga Wusasa na hau keke napep na je da kaina. Shagon ɗan tsukuku ne, mutum uku in suka shiga na huɗu sai dai ya tsaya a ƙofa. A gaba duk Littafi Mai Tsarki ne da littafin waƙoƙi da kalanda, sai ka ce wa dattijon "Baba ina na cikin?" sannan zai jawo maka wani kwali daga ƙarƙashin kanta.

Abinda ya burge ni da Baban nan baya zuga kayansa. Na ɗauko wanda ake kira littafin Musa na shida da na bakwai, wannan dai da muna yara ake tsorata mu wai duk wanda ya karanta sai ya zare, kawai sai ya yi dariya yace ɗana Annabi Musa bai san ma ana yi ba, a Jamus aka buga shi a 1849, daga baya wani kamfanin Amurka mai suna de Laurence ya riƙa aiko wa mutane ta gidan waya har ƙasar nan. Yace a zamaninsu ma'aikatan reluwe da 'yan makaranta haka suke tura kuɗi a ɓoye su zauna jiran kaya wata da watanni. Su AMORC ma, ƙungiyar asirin nan da aka kafa a Amurka a 1915, ta wasiƙa suke koyar da mutanensu. Ni a tsaye a wajen na gane ashe abinda muke ɗauka ya fito daga ƙarƙashin ƙasa, talla ce a mujalla da akwatin gidan waya suka yaɗa shi, yanzu kuma WhatsApp ya gaji aikin, kowa na turo maka wai "abinda fastoci suka ɓoye".

Ni Bisharar Toma na saya. An tono ta ne a 1945 kusa da Nag Hammadi a Masar, cikin tulu, da harshen Kibɗawa, maganganu 114 ne da aka jingina wa Yesu, babu labarin gicciye babu na tashi, wasu kaman ka san su daga Matiyu wasu kuma sai ka karanta sau uku kana sosa ƙeya. Akwai littafin Anuhu shima, wanda wasiƙar Yahuza ta ɗauko magana daga ciki, kuma a Habasha yana cikin Littafi Mai Tsarkinsu, wato abinda ake mana raɗa a kansa a nan can a coci ake ajiye shi.

Inda ban ji daɗi ba, duk an cakuɗa su a kwali ɗaya, tsohon rubutu mai tarihi da ƙasidun hatimi da na neman sa'a, wanda bai sani ba zai ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ko ɗaya kuma babu na Hausa, duk Turanci. Sannan yawanci fotokwafi ne, nawa sai da na isa gida na tarar shafi huɗu babu, daga magana ta 60 sai na tsinci kaina a ta 77, haba. Na koma Litinin ya canja min ba gardama, har da ba ni haƙuri, amma kuɗin napep biyu ya tafi.

Ina nan tsaye wani ɗalibi daga harabar jami'ar ABU ta Kongo ya shigo yana tambayar zaburar cin jarrabawa, Baba yace masa je ka yi karatu ɗana, ba na sayar da wannan. Alhali ni na hango ƙasidar a kwalin.

In za ku je ku riƙe kuɗi a hannu don baya karɓar taransifa, ku kuma ƙirga shafukan a gabansa kafin ku biya.