Mutanen Damagaram, a kiyayi mai tallar na'urar gas ɗin nan

Assalamu alaikum. Akwai wani mutum da ke yawo a kan moto tsakanin Kasuwar Dole da Sabon Gari, yana tallar wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa, ba ta fi tafin hannu ba, wai tana sansano gas iri 4. Yana cewa rarar kayan ma'aikatan matatar mai ce. Ƙarya yake yi, kuma ni ya ci ni: jaka 85 na ƙirga masa.

Sana'ata yasar shadda da wankin tankuna, cikin yarana har da ɗan yayata. Ranar da mutumin ya zo, laita ya fitar, ya danna ba tare da ya kunna wuta ba, ya kara a bakin na'urar, sai ta ɗauki kuwwa. Nan na saki jiki. Ashe abin da hakan ya nuna kawai shi ne tana jin gas mai kama wuta.

Wani abokina da ke aiki a SORAZ, matatar mai ta Damagaram, shi ne ya tona asirin. Ya ce: "Malam, hura mata numfashinka." A sarari iskar oksijin kashi 20.9 cikin ɗari take nunawa, numfashin mutum kuwa wajen 16 ne, don haka dole lambar ta sauka. Na hura har na gaji, ko gezau. Da muka kwance bayanta, a cikin gurabe huɗu na ƙwayoyin da ke jin gas, uku wayam, ba komai a ciki.

Wallahi jikina ya mutu. Gas ɗin shadda, H2S, warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi in kaɗan ne, amma in ya yi yawa hanci yake kashewa, mutum ya daina jin warin, ya faɗi a ramin. CO, gas mai guba da ke fita cikin hayaƙin injin jan ruwa, shi ma ba shi da wari ko kaɗan. Da na'urar nan a wuya na yi niyyar tura ɗan yayata rami, ina ganin ya tsira.

Duk wanda za a sayar wa irinta, ya nemi takardar saiti mai kwanan wata, domin ƙwayoyin cikinta sukan mutu bayan shekara 2 zuwa 3, kuma a gwada kowane gas a gabansa da kwalbar gwaji. Na kai ƙara kwamisariya. Lambar da ya ba ni tun ranar take a kashe.